Makunnin ƙara wa turbo ƙarfi: Abin da mai mota ya kamata ya sani kafin ya hau hanyar Sokodé zuwa Dapaong

Duk direban da ya saba bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 a Togo ya san wuraren da mota ke nuna gaskiyarta. Da zarar an bar Sokodé aka doshi Bafilo, hanya takan fara hawan tsaunukan Alédjo, bayan an wuce Kara da Niamtougou kuma ga na Défalé suna jira. An gina hanyoyin zagaye da suka rage haɗarin waɗannan wurare, amma hawan yana nan. Haka ma manyan motocin da mutanen Togo ke kira titan, masu ɗauke da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lomé zuwa Burkina Faso da Mali da Nijar, suna nan suna jan ciki a gaba. Kayan Nijar ma sun ƙaru a wannan hanya tun da aka rufe iyakarta da Benin a 2023.

A irin wannan wuri ne mai ƙaramar mota ke burin a ce yana da ɗan ƙarin ƙarfin da zai wuce tirela cikin hanzari ya koma hannunsa. Akwai kuwa wata 'yar na'ura da ake tallatawa a kasuwannin intanet da bidiyoyin gyaran mota da alƙawarin biyan wannan buƙata: makunni ne a gaban direba, idan ya danna sai turbo ya ƙara tura iska cikin inji, idan ya kashe sai mota ta koma yadda take.

Na'urar tana aiki, ba damfara ba ce. Sai dai ba kowace mota ce ke karɓarta ba, kuma wurin da direba ya fi marmarin danna ta, wato doguwar hawa da kaya cikin zafin rana, shi ne wurin da ta fi saurin kashe inji.

Yadda turbo ke aiki

Inji na samun ƙarfinsa ne daga ƙona mai da iska. A injin fetur, kowane giram ɗaya na mai yana buƙatar kusan giram 14.7 na iska kafin ya ƙone daidai. Ƙara mai abu ne mai sauƙi, wahalar ita ce samun isasshiyar iskar da za ta ƙona shi.

Wannan matsala ce turbo ke warwarewa. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin inji. A ƙananan motoci sandar kan juya fiye da sau 150,000 a minti ɗaya.

Wani injiniya ɗan ƙasar Switzerland mai suna Alfred Büchi ne ya yi wa dabarar rajista a 1905. Ƙananan motocin farko da suka fito da ita an ƙera su ne a Amurka a 1962, sannan a 1979 kamfanin Peugeot ya fitar da ƙirar 604 mai amfani da gazuwal da turbo. A yau kusan duk motar gazuwal da ke sauka a Lomé cikin waɗanda ake kira venues de France tana da turbo, ko an rubuta mata HDi, ko dCi, ko TDI, ko D-4D.

Ana auna matsin iskar da bar. Iskar da ake shaƙa a bakin teku kusan bar 1 ce, agogon turbo kuma yana nuna ƙarin da aka samu ne a kan wannan. Idan ya nuna 0.6, iskar da ke shiga inji tana kan bar 1.6 ke nan. Masu sayen kaya daga Ghana ko Najeriya su lura: agoguna da yawa na can da psi suke aiki, kuma bar 1 daidai yake da kusan psi 14.5. Rikita waɗannan ma'aunai biyu kaɗai ya isa ya jawo asara.

Ƙofar da ke hana wuce gona da iri

Turbo na ciyar da kansa. Idan hayaƙi ya ƙaru sai ya ƙara gudu, idan ya ƙara gudu sai iska ta ƙaru, idan iska ta ƙaru sai hayaƙi ya sake ƙaruwa. Da za a bar shi haka, da ba zai tsaya ba sai wani abu ya fashe.

Shi ya sa masu ƙera shi suka yi masa wata 'yar ƙofa ta sakin hayaƙi, wadda a Faransanci ake kira soupape de décharge, a Turanci kuma wastegate. Idan ta buɗe, wani ɓangare na hayaƙin zai zagaye fankar ya tafi salansa kai-tsaye, gudun turbo ya tsaya inda yake.

Abin da ke buɗe ƙofar wani ɗan gwangwani ne da ke maƙale a jikin turbo. A cikinsa akwai sifirin da ke riƙe ƙofar a rufe, da wata fatar roba. Wani siririn tiyo yana ɗauko iskar da turbo ya matsa ya kai ta cikin gwangwanin. Da zarar ƙarfin iskar ya rinjayi sifirin, sai sanda ta motsa, ƙofa ta buɗe. Iyakar tsaron da tsofaffin injuna ke da shi ke nan: sifirin ɗaya da tiyo ɗaya.

Me makunnin ke yi?

Duk na'urar ƙara matsin iska yaudarar wannan gwangwani take yi. Ana yanke tiyon a saka ta a tsakiya, domin gwangwanin ya ga iskar da ba ta kai ta gaskiya ba, ya jinkirta buɗe ƙofa.

Iri biyu aka fi sani. Ɗaya tana da ɗan ƙwallon ƙarfe da sifirin a ciki, ba ta barin iska ta wuce sai ta kai wani mizani. Ɗayar kuma 'yar kafa ce da ke zubar da wani ɓangare na iskar a waje. Dukkansu suna da noti da ake murɗawa a ƙara ko a rage.

Abin da ke mayar da ita mai kunnawa da kashewa shi ne bawul na lantarki mai baki uku, wanda kanikawan Togo suka sani da électrovanne. Idan babu wuta a jikinsa, iska na bi ta gajeriyar hanya ta tafi gwangwani kai-tsaye, mota ta zauna a kan matsin sifirinta. Idan direba ya danna makunni, bawul ɗin sai ya karkatar da iskar ta bi ta cikin na'urar, matsi ya hau.

Akwai abubuwa uku da masu talla ba su cika faɗa ba. Na farko, makunnin ba zai iya saukar da matsi ƙasa da ƙarfin sifirin ba, hawa kawai ya iya. Na biyu, ba ya ƙara ko ɗigon mai, iska kawai yake ƙarawa. Na uku, kowane turbo yana da iyaka: idan aka tilasta wa ƙarami ya wuce ƙarfinsa, zafi zai riƙa turawa fiye da iska, sandarsa kuma ta ci kanta.

A lissafi, ɗaga matsi daga bar 0.6 zuwa 0.9 yana nufin tashi daga 1.6 zuwa 1.9, wato ƙarin iska kusan kashi 19 cikin 100. A aikace abin da ake samu bai kai haka ba, saboda iskar ta ƙara zafi.

Wace mota ce ke karɓarsa?

Motocin turbo da ke yawo tsakanin Sokodé da Cinkassé sun kasu gida uku.

Kashi na farko tsofaffin motocin gazuwal ne masu famfon mai na ƙarfe, wanda ba kwamfuta ce ke sarrafa shi ba, irin su Peugeot 405 da 406 masu injin 1.9 TD, da tsofaffin Mitsubishi Pajero da L200, da Land Cruiser 80 mai turbo. A kansu na'urar na aiki kamar yadda aka bayyana. Sai dai a injin gazuwal mai ne ke yanke hukuncin ƙarfi. Ƙarin iska kaɗai zai rage baƙin hayaƙi, har ma ya ɗan sanyaya inji, amma ƙarfin da za a ji kaɗan ne. A nan ne kwaɗayi kan shigo, a ce wa bakanike ya buɗe famfo. Idan mai ya yi wa iska yawa, zafin hayaƙi na hawa cikin daƙiƙoƙi, fistin kuma da alminiyum ake yin sa, wanda ke narkewa a wajen digiri 660. Man inji da ke sanyaya shi daga ƙasa ne ke ceton sa. Masu wannan sana'a sukan ja layi a wajen digiri 700 na zafin hayaƙi idan an auna kafin ya shiga turbo.

Kashi na biyu motocin fetur ne masu turbo, kamar Volkswagen da Audi masu injin 1.8T, da wasu ƙirar Volvo da Subaru. A nan ƙarin ƙarfin na fitowa fili, kuma a nan haɗarin ya fi girma. Idan iska ta ƙaru mai bai bi ta ba, ko kuma man ba shi da ingancin jure matsi, sai ya riƙa fashewa da kansa ba bisa ƙa'ida ba. Faransawa na kiran wannan cliquetis, ƙara ce kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, kuma takan fasa fistin ko ta ƙona gasket ɗin kan inji. Yawancin waɗannan motoci sun zo da nasu bawul na lantarki daga kamfani, a Volkswagen sunansa N75, wanda kwamfutar mota ke amfani da shi ta rage matsi idan ta ji matsala. Wanda ya cire shi ya sa na hannu ya ɗaure wa kwamfutar hannu ke nan. Makunnin ma idan yana kashe, motar kan fi dā rauni, domin sifirinta bai kai matsin da kamfani ya saita ba.

Kashi na uku su ne motocin gazuwal na zamani. Da yawansu ba su da waccan ƙofa sam. Turbonsu yana da wasu ƙananan fukafukai da ke buɗewa da rufewa, kuma zuƙar iska ko ƙaramin injin lantarki ne ke motsa su bisa umarnin kwamfuta. Makunnin tiyo ba shi da gurbi a nan. Ko a masu ƙofar, da zarar kwamfuta ta ga matsi ya wuce abin da ta nema, sai ta yanke mai ta jefa motar cikin abin da ake kira mode dégradé: fitila ta kama a gaban direba, mota ta ƙi gudu. Wanda ya so ƙarin ƙarfi a tsakiyar wuce tirela sai ya tarar har wanda yake da shi ya tafi.

Yadda ake ɗaura shi idan mota ta dace

Aikin farko ba na makunni ba ne, na agogo ne. Ana fara ɗaura agogon matsin iska a yi kwanaki ana tuƙi, a san ainihin inda motar take tsayawa. Motar gazuwal na buƙatar ma'aunin zafin hayaƙi, ta fetur kuma ma'aunin da ke nuna daidaiton mai da iska. Wanda ba shi da kuɗin waɗannan agoguna bai shirya wa makunnin ba tukuna.

Bayan haka sai tiyo. A yi amfani da sabo mai jure zafi, gajere gwargwadon iko, nesa da bututun hayaƙi, kuma a ɗaure kowane baki da maɗauri. Dalili shi ne idan wannan tiyo ya tsage ko ya cire, gwangwani ba zai ga iska ba, ƙofa ba za ta buɗe ba, matsi ya yi ta hawa babu birki. Robar da ta shekara goma sha biyar a Turai sannan ta sha zafin nan ba abin dogaro ba ce.

Sai wayar lantarki. A ɗauko wuta daga layin da ke mutuwa idan an kashe mota, a sa masa fis, kuma a haɗa bawul ɗin ta yadda rashin wuta zai mayar da mota kan ƙaramin matsi. Idan aka juya haɗin, ranar da waya ta tsinke ko fis ya ƙone motar za ta maƙale a kan babban matsi direba bai sani ba. Yana da kyau a sa 'yar fitila da ke nuna makunni yana kunne.

Na ƙarshe shi ne saiti. Ana farawa da notin a saitin mafi ƙarancin matsi, a gwada a miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso cikin giya ta uku ko ta huɗu, mutum ɗaya na tuƙi wani na kallon agogo. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kada a wuce bar 0.1 a kowane gwaji. Idan allurar agogo na yin tsalle ta wuce inda aka saita kafin ta dawo, ko tana ci gaba da hawa yayin da inji ke ƙara gudu, to akwai matsala, a koma baya. Kuma a yi saitin da rana tsaka, da irin man da aka saba sha, domin abin da inji ya jure da asubar hunturu ba lallai ya jure shi da azahar ɗin watan Afrilu ba.

Zafi da ƙura da mai

Tsakanin Sokodé da Dapaong kusan kilomita 300 ne, kuma duk yadda aka ƙara yin arewa zafi ƙaruwa yake yi. A Mango da Dapaong yakan kai digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Iskar digiri 40 ta fi ta digiri 20 rashin nauyi da kusan kashi 6 cikin 100, matsa ta kuma ƙara mata zafi yake yi. Turbo mai matsakaicin inganci da ke kan bar 0.6 a ranar digiri 20 yana fitar da iska mai zafin kusan digiri 80. A ranar digiri 40 tana haura 100. Idan aka ɗaga shi zuwa 0.9 a wannan rana, tana kaiwa wajen 130.

Aikin rage wannan zafi yana kan na'urar sanyaya iska mai kama da lagireto, wadda ake kira échangeur, ita kuma iskar gudun mota ce ke sanyaya ta. Motar da ke hawan Défalé da kaya a bayan titan ba ta da gudu, ga inji a cikin wahala na tsawon mintuna. Duk sharuɗɗan lalacewa sun haɗu a wuri ɗaya.

Ƙurar hunturu na ƙara dagula lamarin. Matatar iska da ta toshe na tilasta wa turbo ƙara gudu kafin ya kai matsin da ake nema. Wadda ta yage kuwa tana barin rairayi ya riƙa cin bakin fankar.

Sai batun fetur. Motocin Turai an tsara su ne a kan mai mai lambar oktan 95, wasu ma 98, alhali man gama-gari a yawancin ƙasashen yankin nan 91 ne. Man kwalba da ake kira boudè a Togo, kpayo a Benin, babu wanda ya auna shi balle a san lambarsa. Direban da ke shan mai yau a Sokodé, gobe a Djougou, jibi a Bawku, injinsa ba ya samun iri ɗaya sau biyu a jere.

Kamfanin Saab na ƙasar Sweden ya fuskanci wannan matsala tun farkon shekarun 1980. Na'urar da ya fito da ita mai suna APC tana sauraron inji, da ta ji alamar fashewar mai sai ta rage matsin turbo da kanta. Ma'ana, gwanintar injiniyoyin ta tafi ne wajen sanin lokacin ragewa. A gasar tseren motoci ta Formula 1 ma, inda Renault ya shigo da turbo a 1977, an kai lokacin da injin lita 1.5 ke ba da ƙarfin doki fiye da 1,000 a gwajin neman gurbi, amma zagaye kaɗan yake yi a sauke shi. Hukumar gasar ta ƙayyade matsi zuwa bar 4 a 1987, ta rage zuwa 2.5 a 1988, sannan ta haramta turbo daga 1989, har zuwa dawowarsa a 2014. Su suna da wani inji a ajiye. Mai motar da ta tsaya tsakanin Kanté da Mango ba shi da shi, kuma yankin Savanes, wanda ke ƙarƙashin dokar ta-ɓacin tsaro tun watan Yunin 2022, ba wurin da ake son kwana a gefen hanya ba ne.

Takardu da birki

Togo na cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, tare da Benin da Burkina Faso da Nijar. Dokar ta wajabta wa mai inshora ya sanar da kamfaninsa duk wani sabon abu da ya ƙara haɗarin da aka yi yarjejeniya a kai. Ƙara wa inji ƙarfi a ɓoye na iya zama hujjar jayayya ranar da aka yi hatsari. Ghana da Najeriya ba sa cikin CIMA, suna da nasu dokokin, don haka mai ƙetara iyaka ya tambayi kamfaninsa kafin ya taɓa komai.

Sannan makunnin bai ƙara wa birki ko taya ko kuloci komai ba. Duk hawan da aka yi a Alédjo akwai gangararsa a ɗaya gefen.

Kafin a kai ga makunni

Sau da yawa motar da mai ita ke ganin ba ta da ƙarfi, nata na asali ne ya zube a hanya. Matatar iska ta toshe, ko babban tiyon turbo ya tsage yana zubar da iska, ko na'urar sanyaya iska ta cika da laka da ƙwari, ko sandar ƙofar hayaƙi ta saki, ko nozul sun gaji. Agogon matsin iska zai tona wannan: idan motar da kamfani ya saita a kan bar 0.8 tana tsayawa a 0.5, gyara take buƙata, kuma gyaran zai dawo da abin da ya fi wanda makunni zai bayar, ba tare da an taɓa lafiyar inji ba.

Wanda ya duba duk wannan, motarsa kuma tana cikin masu karɓa, to ƙa'idar amfani da shi gajera ce. Makunni ya zauna a kashe a matsayin al'ada. A kunna shi na 'yan daƙiƙoƙi domin wucewa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, bayan inji ya ɗumama, da man da aka amince da shi. A kashe shi a doguwar hawa, da lokacin da mota ke cike da kaya, da tsakar ranar bazara, da duk ranar da aka sha man kwalba. Idan an iso tashar Dapaong bayan doguwar tafiya, a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin a kashe, domin mai ya sanyaya sandar turbo.